Awa Talatin Daga Melbourne

Mahaifina Trayan ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki a wata 'yar tashar jirgin ƙasa tsakanin garuruwan Prilep da Bitola, kuma har ya koma ga Allah bai yarda akwai abin hawan da ba ya bin takardar lokaci ba. In an rubuta ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu, to shi ke nan, wanda ya makara shi ya so. An rufe tashar tun tuni, awakin mutane ke kwana a ɗakin jira, amma duk yamma in lokacin jirgin Bitola ya yi sai ka ga ya ɗaga kai ya dubi agogo.

Mu biyu ya haifa. Ni Menka ce babba, sai ƙanena Pande, wanda ya tafi Ostareliya shekara goma sha tara da suka wuce, yana shimfiɗa tayil a banɗakunan mutanen Melbourne. Ni kuwa mijina ya rasu ba mu haihu ba, na tattaro na dawo gidan ubana, na tarar da jinya tana jirana. Na yi ta uwarmu shekara biyu, na yi ta Baba shekara bakwai. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke kwashe abin da ba a faɗa. Amma in baƙo ya shigo ya ce, "Trayan, ina yara?" sai Baba ya nuna hoton da ke kan talabijin ya ce, "Yaron yana Melbourne," ni kuma ina tsaye da tiren kofi kamar wadda aka ɗauko aiki. Zan faɗa ba kunya: abin yana ci mini rai, kuma bai taɓa daina ci ba.

A ƙauyenmu ba a aika wa na waje mummunan labari. Kowane gida yana da wani a Jamus ko Kanada ko Ostareliya, kuma duk ƙarya ɗaya muke yi a waya. Rufin ɗaki ya faɗo, lafiya lau. Ƙanƙara ta kashe gonar taba, lafiya lau. An yanke wa tsohuwa ƙafa, lafiya lau, tana gaishe ka, ta ɗan fita ne. Wai wanda ke baƙuwar ƙasa nauyin da ke kansa ya ishe shi. Mu na gida da alama auduga muke ɗauka.

Sau ɗaya na taka wannan doka, shekara biyu kafin rasuwar Baba. Sanyi ya kama masa huhu, likita ya fito daga ɗaki yana kaɗa kai, na ɗauki waya na ce wa Pande ya zo. Ya kuwa zo, idanu jawur, ƙafafu a kumbure, ya faɗo ɗaki da gudu ya tarar da Baba zaune a gado yana cin wake yana neman ƙari. Mutanen gari sun yi wata guda suna dariya. Aikin da ya baro a can aka ba wani. Matarsa Suzi ta bugo mini, da ladabi irin na masu zama bayan tebur a ofis, ta tambaya ko nan gaba zan iya tabbatarwa tukuna kafin in tayar wa mutane hankali.

A wannan zuwan ne Baba ya zaunar da Pande ya sa ya faɗa masa hanyar dalla-dalla, shi kuma yana rubutawa a bayan kalandar coci da kyakkyawan rubutunsa na tasha. Jirgi yana tashi daga Melbourne ƙarfe tara na darensu, wato ɗaya na ranarmu, don sun riga mu da awa takwas. Awa goma sha huɗu a sama kafin Doha. A zauna awa uku. Huɗu da rabi zuwa Istanbul, a sake zaman awa huɗu. Ɗaya da rabi zuwa Skopje, babban birnin ƙasarmu, awa guda wajen karɓar kaya, biyu a mota zuwa ƙofar gidanmu. A gefe ya rubuta kilomita dubu goma sha biyar da 'yan kai, a ƙasa kuma ya rubuta awa talatin ya ja layi biyu.

"Awa talatin ne kawai, Baba," in ji Pande. "Ka kira yau, gobe ina nan. Nesa ta zo kusa."

"Kawai," na ce daga bakin murhu. "Shi ya sa muke ganinka duk Lahadi."

"Yaya, ke dai bakinki ba ya hutawa."

"Zumunci a ƙafa yake, Pande, ba a bayan kalanda ba."

Baba ya daka mini tsawa ya ce in bar yaro ya sha iska. Bayan Pande ya koma, ya kira ni ya kafa mini doka. Ba za a sake wahalar da yaron nan a banza ba. Daga yau shi zai faɗi lokacin da za a kira, kuma zai faɗa in saura awa talatin ya cika.

"Baba, mutuwa ba jirgin Bitola ba ce."

"Ubana ya san ranarsa. Ya yi aski, ya raba wa jikoki 'ya'yan bishiyar bayan gida, ya kwanta. Ni da na yi aikin lokaci ne zan kasa?"

Na ce to. Ba a jayayya da mutumin da ake ba abinci a baki.

Ciwon da ya tafi da shi a ƙashi ya zauna. Cikin watan Satumba, lokacin da kowane tsakar gida ke gasa jan tattasai, ya kai Baba ba ya iya juyawa sai ya yi ƙara. Dosta, maƙwabciyarmu da ta yi aikin nas a Prilep kafin ta yi ritaya, ita ke zuwa safe da yamma ta yi masa allurar da likita ya rubuta. In allurar ta shiga ciwon yakan sake shi, amma takan tafi da hankalinsa. Sai ya yi ta barci baki buɗe, in ya farka ya kira ni da sunan uwata.

Ranar Talata da ƙarfe takwas na safe, kafin Dosta ta zo, ya buɗe ido garau ya ce, "Menka, kira shi."

Na tsaya da kwanon ruwa a hannu.

"Amma kada ki ce ni na ce. Ki ce likita ne. Uba ba ya ɗora wa ɗa kaya daga nesa."

Na fita tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi na buga. Ƙarfe huɗu ne na yamma a wurinsu, ina jin injin yankan tayil yana kuka a bayansa.

"Pande, jikin Baba ya yi tsanani. Ka taho."

Injin ya yi shiru. "Yaya, tsakaninki da Allah, wannan karon da gaske ne?"

"Likita ya ce kwanaki."

"Kwanaki nawa? Wancan karon ma ai likita ne ya kaɗa kai."

"In tambayo maka Mala'ikan mutuwa ya ba mu takardar lokaci?"

"Don Allah kada ki fara. Ki saurare ni. Sau ɗaya zan iya barin aiki a shekarar nan, sau ɗaya tak. In na zo yanzu ya warware kamar wancan, ranar da abin zai faru ba ni da hanyar zuwa. Wa zai kama akwatin? Wa zai zuba ƙasar farko? Ɗa ɗaya gare shi. Me kike so mutanen gari su ce?"

"Wato gawar kake so ka zo wa."

"Ban ce haka ba! Ke kullum sai kin juya magana. Shi Baban ya ce wani abu? Ya ce in zo?"

Ga ƙofa ta buɗe. Kalma biyu ce, in ce "ya ce", kuma na san ƙanena, da ya ajiye injin nan ya nufi filin jirgi da ƙurar siminti a gashinsa. Zan iya cewa dokar Baba na bi, kuma haka na yi ta gaya wa kaina. Amma gaskiya ita ce na so sau ɗaya a rayuwa ya taso a kan maganata, ni da na yi shekara bakwai ina kallon jikin nan yana ƙarewa. In ni ban isa in san mai mutuwa ba, wa ya isa?

"Ni na ce ka zo," na ce.

Ya ja numfashi. "Bari mu ga zuwa Juma'a, Yaya. Ki riƙa sanar da ni. Ki gaishe shi."

Da na koma ɗaki na tarar Baba ya ɗago kansa daga matashi, abin da ya yi mako bai yi ba. Wuyansa yana rawa kamar na ɗan tsako.

"Ya ce me?"

Ban shirya ƙarya ba, wallahi. Fuskarsa na kalla, maganar ta fito da kanta. "Ya ce zai hau na ƙarfe tara."

"Na tara nasu, ɗaya namu." Ya mayar da kai ya lumshe ido, leɓunansa suna lissafi. "Gobe bakwai na yamma. Ɗauko mini kalandar. Ki kawo reza kuma."

Da Dosta ta shigo da 'yar jakarta ta tarar ina yi masa aski. Ta fasa kwalbar maganin, ta zuƙa a sirinji, Baba ya ɗaga hannu.

"Mayar da abarki, Dosta."

"Kai Trayan, yau kuma wane sabon iyayi ne?"

"Yarona yana hanya. Wannan allurar taki, in na shiga ba lallai in fito ba. Ƙarya na yi?"

Dosta ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa ba ta da ƙawaye da yawa. Ta ce numfashinsa ya yi rauni, haka ne, amma ciwon da zai sha ba na wasa ba ne.

"Awa talatin da biyar ne daga yanzu. Na taɓa tsayuwar da ta fi wannan a cikin dusar ƙanƙara, ina jiran jirgin kaya. Ba zan tarbi ɗana ina zubar da yawu ina kiransa da sunan wani ba."

Ta dube ni, na dubi reza. Ta mayar da sirinjin ta ce in ya canza ra'ayi a ƙwanƙwasa mata bango.

Ƙarfe ɗaya daidai ya ce, "Ya tashi," ya sa na ba shi fensir ya yi 'yar alama a kalanda. Zuwa la'asar sauran maganin jiya ya gama barin jikinsa. Na ga ciwon yana hawowa kamar ruwa a rijiya. Da farko yatsun ƙafarsa ne suke lanƙwashewa, daga baya ya kama ƙarfen gado. Bai yi ƙara ba. In abin ya ɗan lafa sai ya tambayi lokaci, ya gaya mini inda yaron yake. Har yanzu yana kan Ostareliya, ƙasar faɗi gare ta, awa huɗu kana tafiya ba ka fita ba. Yanzu ya hau teku. Yanzu an kawo musu abinci a ɗan tire, Pande ba ya cin kifinsu, kaza zai zaɓa.

Ni kuwa ina zaune ina cewa i, Baba. Na san a daidai lokacin Pande yana kwance a gadonsa kusa da Suzi, ya saita agogon tashi aiki.

Daren ba zan ba da labarinsa ba. Da gari ya waye rigar matashin ta yage a gefe ɗaya, inda ya yi ta cizo. Muryarsa ta dushe, amma abin da ya fara cewa shi ne, "Shida ta yi? To ya bar Doha. Ya aiko saƙo?"

"Ya aiko. Ya ce yana lafiya, ƙafa ce kawai ta kumbura."

"Ki dafa masa ruwan gishiri ya tsoma."

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, haka ake cewa. Tawa kam ta yi 'ya'ya, don Dosta ta gaya wa matar mai shago, kafin hantsi duk ƙauye ya san Pande yana hanya. Wata ta aiko da gurasar cuku da alayyafo, wani tsoho ya kawo kwalbar barasar inabi wai ta tarbar baƙo. Na karɓa na yi godiya na jera a kan tebur.

Wajen goma da rabi, lokacin da Baba ya ce an sauka Istanbul, na fita rumfar inabi da waya a hannu. Na yi niyyar in kira in faɗi kalma biyun nan, in zubar da girman kaina a ƙasa. Sai na yi lissafin da Baba ya koya mini. Ƙarfe shida da rabi ne na yamma a can, na tara ya riga ya kuɓuce masa. Sai na gobe, wato ɗaya na ranar Alhamis a wurinmu, a ɗora awa talatin, Juma'a da yamma ke nan. Mutumin da ke cikin ɗakin nan ba shi da Juma'a. Jiya da safe hanyar tana da tsawon da zai iya jira, yau ta fi ƙarfinsa, kuma ni na ƙara mata tsawon. Na mayar da wayar aljihu.

Dosta ta same ni a ɗakin girki ina yanka albasar da ba na buƙata. Ta rufe ƙofa.

"Menka, dube ni. Yaron nan yana cikin jirgi?"

Na ci gaba da yankan albasa.

"Na sani. Wanda ke jiran baƙo daga Ostareliya ba ya barin gadon baƙi ba shimfiɗa. Ke wace irin 'ya ce? Kin ga matashin kansa?"

"Ni na cire rigarsa, na gani."

"To ki shiga ki gaya masa ya karɓi allurarsa ya huta."

"Ke ki shiga. Ki ce masa ɗan da yake nuna wa baƙi a kan talabijin ya ce bari mu ga zuwa Juma'a. Ke ce ba kya tsoron gaskiya."

Ta ɗauki wuƙa ta taya ni yankan albasar, muka yi ta hawaye muna ɗora wa albasa laifi.

Ƙarfe huɗu Baba ya ce an sauka Skopje. Ya sa na ɗauko farar rigarsa ta zuwa coci. Sa masa ita ya ɗauke mu kusan rabin awa, don duk inda na taɓa sai ya ɗauke numfashi. Na jingina shi da matasai uku ya fuskanci taga, inda ake hango hanyar da ta gangaro daga babban titi. Ya ce in taje masa gashi. Ya ce in kawar da bokitin da ke ƙarƙashin gado kada yaro ya gani.

"Biyar. Ya karɓi kaya." Can kuma, "Yanzu sun wuce garin Veles." Gumi yana bin goshinsa yana shiga ido, ina sharewa. Leɓensa na ƙasa ya fashe. Duk motar da ta gangaro sai ya miƙa wuya: motar mai burodi, tarakta ɗauke da ganyen taba, wata farar mota da ta wuce gidanmu ba ta ko rage gudu ba.

Bakwai ta buga. Rana ta faɗa bayan dutse. Ya ba su minti goma, don hanyar tana da ramuka. Ya ƙara musu biyar.

"Menka."

Na riga na tanadi ta gaba tun rana. "Saƙo ya shigo ɗazu, ban so in tayar maka da hankali ba. An riƙe su a Istanbul. Awa shida."

Na zaci zai yi faɗa, ya zagi masu jiragen sama da ba su san darajar takarda ba. Bai yi ba. Ya rufe ido, leɓunan nan fasassu suka motsa. "Ƙarfe ɗaya ke nan." Ya lalubi ƙarfen gado ya damƙe da hannu biyu, kamar mai shirin ɗaga buhu. "To. Zan iya."

Wannan "zan iya" ita ta karya ni. Na ga zai iya ɗin kuwa. In na ce awa shida zai ba ni shida, in na ƙara goma zai nemo goma, yana cizon matashi, har sai ƙaryata ta gama cinye shi.

"Baba, bai taso ba."

Bai buɗe ido ba.

"Bai hau jirgin ba. Yana Melbourne. Ya ce a bari a ga zuwa Juma'a."

"Tun jiya?"

"Tun jiya."

Hayaƙin tattasan maƙwabta yana shigowa ta taga. Hannayensa suka saki ƙarfen a hankali.

"Kin ce masa ni na ce?"

"Kai ka hana."

"Haka ne. Kin yi daidai."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a gefen gado ina jira ya tambaye ni dalilin da na bar shi awa talatin da biyar a cikin wuta, in samu in yi kuka in roƙi gafara. Bai tambaya ba. Ba ni ce a ransa ba, ko a wannan lokacin.

"Kujera ce bai samu ba," ya ce. "Wannan watan jirage cike suke, 'yan hutu suna komawa. Kunya ce ta hana shi faɗa miki."

"I, Baba."

"Ƙwanƙwasa wa Dosta. Ki cire mini rigar nan tukuna kada ta yamutse, za a buƙace ta."

Dosta ta zo da gudu, ko takalmi ba ta sa daidai ba. Tana goge masa hannu da auduga ya kamo wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Kada ya ji na jira. Kada ya ji na tambaya. Zai ɗauki abin ya koma da shi, hanyar kuma da nisa. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Ce kin yi alkawari."

Na yi alkawari. Allurar ta shiga, fuskarsa ta saki, bakinsa ya buɗe. Bai sake farkawa ba. Ya cika ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe, ina goge masa leɓe da jiƙaƙƙen tsumma.

Na kira Pande. Ya yi kuka a waya har injin da ke bayansa ya tsaya. Cikin minti arba'in ya sake bugowa ya ce ya samu kujera a na ƙarfe tara. Ashe jiragen ba su cika ba. Ya roƙe ni kada a binne sai ya iso. A wurinmu washegari ake binnewa, amma da na je wa limamin cocinmu da maganar ya ce ai dole a jira, ɗa ne guda, daga Ostareliya. Aka ɗaga zuwa Asabar. Gawa ba ta ƙin jira.

Ya iso Juma'a, bakwai saura minti biyar. Matan gari suka rufe shi a bakin ƙofa suna kuka suna shafa masa fuska. Kai, ɗan albarka, ya keto duniya saboda ubansa. Awa talatin a sama, ku dubi ƙafafunsa. Trayan ya haifi ɗa. Ina tsaye a bayansu da tiren kofi.

Ranar Asabar shi ya kama gaban akwatin, shi ya zuba ƙasar farko, kuma ya yi kyau a baƙar kwat. Aka dawo gida aka ci wake da kifi, aka sha barasar da tsohon nan ya kawo, aka yi ta tambayarsa ko da gaske ne a can Kirsimeti cikin zafi ake yi. Da la'asar mutane suka watse. Na fitar da faranta tsakar gida na zauna gaban baho ina wankewa.

Ya fito ya tsaya a kaina. Ya cire kwat ɗin, ya naɗe hannun riga kamar zai taya ni, amma bai tsoma hannu ba. Na ga furfura a gefen kansa, na ga kuma yadda yake murza babban yatsansa, abin da yake yi tun yana yaro in ya fasa wani abu yana jiran a gane.

"Yaya."

"Ina ji."

"Da na san haka ne, da na taso ranar Talata. Kin san da na taso."

"Na sani."

"Ya sha wahala?"

"Ciwon ƙashi ne."

Ya tsuguna har fuskarmu ta daidaita. Idanunsa irin na Baba ne sak. "Ya tambaye ni? Wajen ƙarshe. Ya ce ina Pande?"

Na san abin da Baba yake nufi da alkawarin nan. So yake in ce barci yake ta yi, allura ta ɗauke shi, bai san wanda ke nan da wanda ba ya nan ba, don yaro ya koma da zuciya sakayau. Maganar tana bakina, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na ɗauraye farantin da ke hannuna na kife shi a kan 'yan'uwansa.

"A'a," na ce. "Idonsa biyu har daren Laraba, hankalinsa garau. Bai tambaye ka ba ko sau ɗaya."

Ya zauna a ƙasa daɓas, da wandon kwat ɗinsa, cikin ruwan wanke-wanken da ya malalo. Bai yi kuka ba. Ya yi ta kallon bakina ko akwai saura, ni kuwa na jawo tukunyar wake na fara kankare ƙanzo.